Hukuncin Yaron da Karatu Ya Ƙi Zama a Kansa

Daga cikin hukunce-hukuncen da ake yankewa a ƙasar nan ba tare da alƙali ko muhuti ko shaidu ba, babu mai saurin zartuwa, mai wuyar warwarewa, kamar wanda malami yake yanke wa yaro ɗan shekara bakwai ko takwas, ranar da ya biya masa layi guda har ya gaji, ya ga bai riƙe ba, ya dube shi ya ce wannan ba shi da rabo a karatu. Uba ya ji ya ce haka Allah ya so, uwa ta ji ta shiga neman rubutun sha, 'yan aji su ji su laƙaba masa daƙiƙi, sunan kuwa ya bi shi har ya yi furfura. Mas'alar da nake nufin tattaunawa ita ce: shin malami yana da ikon yanke wannan hukunci? Idan kuma ta tabbata akwai yaron da Allah ya halicce shi da nauyin gane baƙi, alhali hankalinsa lafiya lau, to wajibin da aka sauke daga wuyansa saboda uzurinsa, a wuyan wa ya faɗa?

A ƙasar Birnin Gwari nake so in auna zancen, domin a can ne irin wannan yaro ya fi ɓacewa daga ido. Wanda ya san hanyar da ta tashi daga Kaduna ta bi ta Buruku da Udawa ta isa Birnin Gwari, ta zarce Tegina, ya san yadda dajin Kamuku, wanda aka mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999, ya haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara da dazuzzukan Jihar Neja, ya kuma san abin da ya riƙa fitowa daga cikinsu shekara da shekaru. A watan Maris na 2021 'yan bindiga suka shiga makarantar firamare ta Rama suka tafi da malamai uku. A watan Maris na 2024 aka kwashi yara fiye da ɗari daga makarantar Kuriga, wadda take ƙaramar hukumar Chikun amma a kan wannan hanya. A cikin shekarar kuma gwamnatin jiha ta ba da sanarwar za ta haɗe makarantu 359 da wasu, saboda ba su zaunuwa a inda suke. Da aka yi sulhu a ƙarshen 2024, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, mutane suka fara komawa ƙauyukansu, sai ga malamin aji biyu yana da ɗan shekara bakwai da ɗan shekara goma sha biyu a kan benci ɗaya, dukansu ba mai iya haɗa baƙi.

Malaman usulu suna da ƙa'ida cewa ba a yi wa abu hukunci sai an san surarsa, shi ya sa muhutin kirki ba ya buɗe baki sai ya gama yi wa mai tambaya tambayoyi. A ajin da na kwatanta, rashin iya karatu alama ce guda, amma sabubbanta ba guda ba ne. Akwai yaron da bai iya ba domin ba a taɓa koya masa ba, ya yi shekarunsa a gudun hijira daga Damari ko Randagi ko Kakangi. Akwai wanda aka koya masa amma firgici ya cinye hankalinsa, yaron da ya kwana a cikin gonar masara yana jin harbi, wanda har yanzu in babur ya wuce bayan aji sai ka ga idonsa ya bar allo. Akwai mai ciwon kunne da ba a kula ba, da wanda ba ya hangen allo daga baya, da wanda ya fito bai karya kumallo ba. Akwai ɗan Fulani ko ɗan Gbagyi ko ɗan Kamuku wanda harshen aji ba shi ne harshen ɗakin uwarsa ba. Sa'an nan, a ɓoye cikin waɗannan duka, akwai wanda ko da an haife shi a lokacin zaman lafiya, a gidan wadata, a hannun malamin da ya fi kowa iyawa, da sai baƙi ya yi masa gardama. Shi ne abin magana a nan, shi ne kuma wanda za a fi daɗewa ba a gane shi ba, gama in kowa a aji bai iya ba, ba mai tambayar dalilin rashin iyawar mutum ɗaya.

Likitocin Turai suna kiran wannan lalura disleksiya, ba kuwa jiya suka lura da ita ba. A 1877 wani likitan Jamus, Adolf Kussmaul, ya ba da bayanin mutanen da idonsu ke gani sarai amma rubutu ya gagare su. Bayan 'yan shekaru Rudolf Berlin, likitan ido a Stuttgart, ya sanya mata sunan da ake kiranta da shi yau. A 1896 kuma wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya rubuta labarin yaro ɗan shekara goma sha huɗu, mai kaifin basira, mai iya lissafi, wanda ko sunansa ba ya iya rubutawa daidai, har malaminsa ya shaida cewa da a ce da baki kaɗai ake koyarwa, da babu wanda zai fi shi a makarantar. Da fari sun ɗauka matsalar tana wajen yadda ƙwaƙwalwa take gane abin da ido ya gani. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa mafi yawa matsalar tana wajen sauti ne: yaro yana jin magana, yana fahimta, yana mai da jawabi mai ma'ana, amma rarrabe sautukan da suke cikin kalma ɗaya bayan ɗaya, da ƙulla kowane sauti da alamarsa a rubuce, shi ne yake yi masa nauyi. Abin yana bin jini, sau da yawa in ka bincika za ka tarar uba ko kawu ya sha irin wahalar. Ba shi da alaƙa da ƙarancin hankali. Ƙiyasin da aka fi ambata kuwa shi ne tsakanin yara biyar zuwa goma cikin ɗari, wato ajin da yake da yara tamanin da wuya a rasa huɗu.

Mutane sukan ɗauka alamarsa ita ce juya baƙi, yaro ya rubuta d a wurin b. Gaskiya ne bokon Hausa ya tara wa irin wannan yaro aiki, gama ga b da d, ga kuma ɓ da ɗ masu lanƙwasa. Haka a rubutun Larabci ba da ta da nun da ya, in suna tsakiyar kalma, ɗigo ne kaɗai yake raba su. Amma kusan kowane mafari yakan juya baƙi ya daina. Alamar da ta fi ƙarfi ba ta bukatar alli ma. Ka tambayi yaro ko kaza da kare da sauti ɗaya suka fara. Ka ce ya tafa hannu sau ɗaya ga kowace gaɓa ta makaranta. Ka ce ya faɗi tabarma ya cire ta ɗin farko. Wanda rashin makaranta ne kaɗai ya hana shi karatu yakan kama wasan cikin 'yan kwanaki, har ya fara dariya yana kawo nasa. Mai lalurar kuwa za ka ga yana lalube, yau ya dace gobe ya kuskure, alhali in ka ba shi tatsuniya zai maimaita maka ita tiryan-tiryan. Da yake rubutun Hausa yana bin lafazi ƙwarai, irin wannan yaro yakan iya karanta shi daga baya, a hankali, da gumi. Turanci ne, wanda rubutunsa da furucinsa suka yi hannun riga, yake tona masa asiri a aji huɗu ko biyar.

Makarantar allo tana da hannu biyu a wannan al'amari, ɗaya yana ɓoye ciwon, ɗaya yana riƙe da rabin maganinsa. Tana ɓoye shi domin yaro mai kunne yana iya haddace surori da yawa daga bakin malam da amon 'yan'uwansa, yatsansa yana tafiya a kan allo ba tare da idonsa ya san inda yake ba, ba kuwa za a gane ba sai ranar da aka nuna masa kalma a tsakiyar layi aka ce ya faɗa. Maganin da take riƙe da shi kuwa, abin mamaki ne yadda ya yi daidai da abin da likitan ƙwaƙwalwa Samuel Orton da malama Anna Gillingham suka tsara a Amurka tun wajen 1930, wato a koyar da baƙi ɗaya bayan ɗaya bisa tsari, ido yana gani, kunne yana ji, baki yana faɗa, hannu yana zanawa, a lokaci guda. Malamanmu na da sun raba babbaƙu da farfaru. Sun ba wa baƙaƙe sunayen da suke kwatanta surarsu, kamar ba guje da ha kuri da lam jaye, domin kolo ya sami abin riƙewa. Sun sa shi ya bi da yatsa yana ɗaga murya. Abin da ya fi duka kuma, kowane yaro da allonsa, ba ya wankewa sai ya iya, ba wanda yake jan wani. Aji na boko, mai tafiya da manhaja da zango, ya rasa wannan falala, gama a can lokaci ne yake ciyar da yaro gaba, ko ya iya ko bai iya ba. Inda tsarin allo ya yi rauni shi ne yaro yakan daɗe yana rera sunayen baƙaƙe bai gane cewa kowane baƙi sauti yake wakilta ba, sa'an nan ga bulalar gardi, wadda zan zo kanta.

Yanzu sai asalin mas'alar. Mai cewa yaro ba shi da rabo yana jingina ne da imani da ƙaddara, babu kuma Musulmin da zai yi musun cewa fahimta arziki ce da Allah yake rabawa yadda ya so, ya fifita wasu a kan wasu a cikinta kamar yadda ya fifita su a dukiya da lafiya. Sai dai rabo gaibu ne, ba a saninsa sai bayan ya auku. Wanda ya dubi ɗan shekara takwas ya ce ga abin da aka rubuta masa, ya yi da'awar ilmin da ba a ba shi ba. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya sami labarin annoba a Sargu, ya yi shawara ya juya da jama'a, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, amsar da ya bayar ta zama asali a wurin malamai: riƙon sababi shi ma ƙaddara ne, wanda ya bar shi ya ce yana tawakkali bai fahimci tawakkali ba. Manomin Birnin Gwari ya san wannan fiƙihu ko bai yi karatu ba, gama in ya shuka masara a wuri ta ƙi, ba ya cewa ƙasar ba ta da rabo sai ya gwada taki, ya sake iri, ya duba ko jigawa ce mai son gero ko fadama mai son shinkafa. Malamin da ya biya wa yaro darasi sau goma ta hanya ɗaya bai gwada sabubba goma ba, sababi ɗaya ya maimaita.

Shari'a kuwa ba ta bar mai nauyin karatu babu matsayi ba. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha hadisin da ya ambaci mutum biyu, gwanin Alƙur'ani da mai karanta shi da in'ina yana shan wahala, ya yi wa na farko bushara da zama tare da mala'iku masu daraja, ya ba na biyu lada ninki biyu. Malamai sun yi bayani cewa ɗaya ladan karatu ne, ɗaya na wahala. Abin lura shi ne hadisin bai ɗauki wahalar a matsayin alamar lalaci ko ƙarancin imani ba. Ya ƙidaya ta cikin aikin da ake sakawa. Annabi Musa, wanda Allah ya yi magana da shi, ya roƙi a kwance masa ƙullin harshensa, ya nemi a ƙarfafa shi da ɗan'uwansa Haruna, aka kuwa amsa masa, ba a ce masa ya je ya ƙara ƙoƙari ba. Suratu Abasa ta sauka ne a kan makaho, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, wanda ya zo neman sani a lokacin da hankali yake kan manyan Ƙuraishawa. Ƙarshen Baƙara kuma ya kafa ƙa'idar da dukan taklifi yake tsaye a kanta, cewa ba a ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinta.

To, a nan ne nake ganin mutane suke tsayawa da wuri. Sukan ce tun da ba a ɗora masa ba, shi ke nan, a bar shi ya tafi gona. Amma uzurin yaro bai share bukatarsa ba: gobe zai yi salla, zai sayi maganin feshi mai rubutu a jikin kwalba, za a miƙo masa takardar gona a ce ya dangwala. Abin da uzuri ya yi shi ne ya ɗauke zargi daga kansa, ya bar aikin yana nan. Aikin da yake nan kuwa, wanda mai shi ya kasa ɗauka shi kaɗai, a kan mai iko yake komawa, kamar yadda ciyar da gajiyayye yake komawa kan mawadacin danginsa. Malami shi ne mai iko mafi kusa. Ya karɓi amanar yaron daga hannun ubansa ba tare da sharaɗin sai mai saurin ganewa ba, yana kuma karɓar albashi ko kuɗin Laraba a kan dukan waɗanda suke gabansa, ba a kan goman farko kaɗai ba. Subki ya kawo a cikin littafinsa na tarihin malaman Shafi'iyya cewa Rabi'u ɗan Sulaimanu al-Muradi mai jinkirin fahimta ne, har wata rana Imamu Shafi'i ya maimaita masa mas'ala guda sau arba'in bai gane ba, ya tashi daga majalisi don kunya, Imam ya kira shi a keɓe ya yi ta bi da shi har ya gane. Ta hannun wannan Rabi'u ne mafi yawan littattafan Shafi'i na Masar suka iso ga duniya. Abin da ya fi jan hankalina a labarin shi ne keɓewar: Imam ya gane cewa kunya ta shiga tsakanin almajirinsa da darasi, sai ya fara kawar da ita.

Batun bulala kuwa, magabatanmu na mazhabar Malikiyya sun riga mu yin magana. Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, garin mai Risala, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya wallafa littafi a kan ladubban masu koyar da yara, ya iyakance dukan karatu ga bulala uku sai da izinin uba, ya hana dukan fuska da kai, ya hana malami duka cikin fushi. Al-Ƙabisi, wanda ya zo bayansa, ya ƙara da hana zagi da laƙaba wa yaro sunan dabba. Ibn Haldun ya ware fasali a Muƙaddima yana bayanin cewa tsanantawa tana cutar da mai koyo, tana kashe masa himma, tana koya masa ƙarya da yaudara don tsoron hannun da yake kansa. Dukansu kuma suna magana ne a kan yaron da ya iya ya ƙi. Wanda ya so ya kasa, dukansa ya fita daga babin ladabtarwa ya shiga babin zalunci, gama ladabi yana gyara nufi ne, nufin wannan yaro kuwa ba abin da ya same shi. Na san abin da za a ce: mu ma da bulala muka yi karatu, ga mu nan. Masu faɗin haka su ne waɗanda suka tsira; waɗanda suka gudu daga gaban malam suna da shekara goma ba a gayyatarsu wurin da ake wannan hira. A ƙasar da ramin haƙar zinariya yake karɓar yaro ba tare da tambayarsa ko ya iya haɗa baƙi ba, dajin kuma bai yi nisa ba, korar yaro daga aji da wulaƙanci abu ne da ya kamata mai hankali ya yi dogon tunani kafin ya aikata.

Mai karatu zai ce duk an ji, amma malami mai yara tamanin, ba littafi, ba rufin kirki, me zai iya? Abin da zai fara yi ba ya cin ko kwabo: ya kira yara ɗaya-ɗaya, ko da biyar a yini, ya san wanda ya san baƙi, da wanda yake haɗa gaɓa, da mai karanta jimla, ya yi wa kowane magana a hankali ta bayansa ya ga ko yana ji, ya sa shi a ƙarshen aji ya ga ko yana hangen allo. Sa'an nan ya ware sa'a guda a yini ya zaunar da su bisa matakin iyawarsu, ba bisa shekaru ba, dabarar da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yaɗa, wadda malaman allo suka riga ta da ƙarnoni. Ya koya musu sautuka da Hausa tukuna, kamar yadda aka yi a shirin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato. Bayan zango guda na irin wannan koyarwa, waɗanda gudun hijira ne ya tsayar da su za su yunƙura su wuce. 'Yan kaɗan da suka rage a wuri ɗaya, alhali ba su fashin zuwa, kunne da ido lafiya, su ne waɗanda ake nema.

Su kuma abin da suke bukata shi ne kaɗan-kaɗan, kullum, ba gaggawa. Zarnuji, a cikin Ta'alimul Muta'allimi da almajiranmu suka sani, ya kawo shawarar cewa darasin mafari kada ya wuce abin da zai iya riƙewa da maimaitawa biyu, a riƙa ƙara masa a hankali. Ga irin wannan yaro, baƙi ɗaya ke nan, wani lokaci har na kwana uku, tare da bitar na baya kafin a ɗora sabo. Ya zana shi babba a kan rairayi da yatsa yana furta sautinsa, ya murza shi da yumɓu, ya jera tsakuwa ɗaya ga kowace gaɓa. Kada a koya masa baƙaƙe masu kama da juna a mako ɗaya. A rage masa kwafe daga allon bango, wanda yake cinye ƙarfinsa bai bar masa komai ba. Kada a tashe shi ya yi karatu a gaban aji ba zato. In za a sa shi, a ba shi layinsa tun jiya. A riƙa yi masa tambayar tarihi da fiƙihu da kimiyya da baki, domin a auna abin da ya sani, shi ma ya ji da kunnensa cewa ya san wani abu, 'yan ajin su ma su ji. Haka za a bi da wanda lissafi ne yake ɗaure masa, a riƙe shi a kan tsinke da ƙwallon dabino har adadi ya zauna kafin a kai shi ga alama. Shi kuwa wanda ba ya iya zama wuri ɗaya, a sa shi rabon alli da share allo, ya huce da aiki maimakon tsallen kwaɗo.

Akwai kuma zama da uba, wanda ya fi koyar da ɗan wuya. Da yawa za su ce an yi wa yaron sammu, ko iska ta taɓa shi, wasu kuma su ce taurin kai ne irin na gidan su uwarsa. Ba hikima ba ce malami ya yi wa rubutun sha dariya. Addu'a tana da wurinta, abin da ake so shi ne a haɗa ta da sababi. Ya ishe shi ya ce: "Alhaji, yaron nan kansa lafiya lau, ka gwada aikensa kasuwa ka ga ko zai ɓatar da ko sisi. Baƙi ne yake yi masa nauyi, kamar yadda wani yake fama da in'ina. A daure a bar mini shi, a kuma daina kiransa da sunan nan a gida." In yarinya ce maganar ta fi gaggawa, domin ita ba a jira a ga ƙarshen haƙurin malami, da an ce ba ta ganewa sai a ɗora mata tallan, daga nan sai zancen aure.

Adalci kuma ya hana a tara wa malami laifin duka. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, ta ce fiye da 21,000 sun kasa, ta sallame su. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan wannan mataki, ya nuna cewa wanda ake nema ya gane lalurar yaro shi kansa sau da yawa ba a ba shi horon koyar da karatu ba, balle wanda aka tura ƙauyen da aka taɓa sace malamai. Abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya yakan zama farilla a kan jama'a, in ba wanda ya tsaya kowa ya yi laifi. Akwai dokar tarayya ta hana nuna wa masu lalura bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019. Akwai sassan ilmin masu bukata ta musamman a Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Jos, da kwaleji sukutum a Oyo. Cibiyar Malamai ta Ƙasa kuwa a Kaduna take. Ba abu ne mai wuya ba hukumar ilmi ta ƙaramar hukuma ta zaɓi malami ɗaya daga kowace gunduma, daga Kuyello zuwa Dogon Dawa, a horar da shi a kan wannan fanni ya riƙa zagaya makarantu, a kuma gayyaci alarammomi su zauna tare da su, tun da yaron da yake wahala da safe a firamare shi ne yake wahala da yamma a gaban allo.

Wajibi ne kuma a faɗi iyakar abin. Lalurar ba ta warkewa kamar zazzaɓi. Da kyakkyawar koyarwa mafi yawansu za su yi karatu, amma wasu za su rayu suna yi a hankali, rubutunsu da kurakurai har tsufa. Fiƙihu ya tanadi wannan ma. Abu Dawuda ya ruwaito labarin mutumin da ya zo ya ce ba ya iya riƙe komai na Alƙur'ani, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koya masa tasbihi da tahmidi da tahlili da takbiri su isar masa. Malaman Malikiyya kuma sun ce wanda bai iya Fatiha ba ya koya in zai yiwu, in ba zai yiwu ba ya bi liman. Ilmi a wurin magabata daga bakin malamai ake ɗaukarsa kafin takarda, ƙasar Hausa kuma ta ga makafi mahaddata waɗanda masu ido suke durƙusawa a gabansu. Saboda haka wanda rubutu ya ci gaba da yi masa nauyi, a buɗe masa ƙofar kunne: a naɗa masa darasi a waya ya saurara, a haɗa shi da aboki mai karanta masa, in jarrabawar makaranta ta zo a ƙara masa lokaci ko a karanta masa tambayoyin. Malamin da ya gano shi kuma ya rubuta abin da ya gani da abin da ya gwada a takarda, ya miƙa wa malamin aji na gaba hannu da hannu, domin kada a sake fara binciken daga farko a kowace shekara.